Jan Kintinkirin Iya Mai Wanki

Ga ta nan, na kawo muku ita da ɗuminta.

Ta ƙaraso, mun gyara zama.

Iya Mai Wanki na durƙushe a gaban baho, tana cuɗa wani jan kintinkiri da bai wuce kamu shida ba, kumfar sabulu tana komawa baƙa a tsakanin yatsunta. Karo na shida ke nan da take wanke shi. Ta ɗaga ta duba, ta ja tsaki, ta mayar da shi cikin ruwa. Shekara ashirin da biyu tana wanki a wannan ƙaramin asibiti. Ta wanke jini, ta wanke amai, ta wanke abin da ba a faɗa ana cin abinci, amma babu abin da ke tayar mata da zuciya irin wannan ɗan ƙyalle.

Ga yadda abin yake. Wata bakwai da suka wuce, manyan motoci biyu suka shigo harabar asibitin, aka shimfiɗa farantan sola a kan rufi reras, aka jera batura a wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen baranda, aka kafa sabon akwatin wuta fari fat a jikin bango. Masu aikin suka gwada. Fankoki suka juya, firjin allurai ya yi ɗan gurnani ya kama sanyi, wata nas har da taka rawa a bakin ƙofa. Minti ashirin aka yi ana wannan murna. Sai Sakataren asibiti ya fito da takarda daga sama, wai kada wanda ya sake ya kunna sai Babban Baƙo ya zo ya ƙaddamar da hannunsa, wanda ya taɓa kuwa a bakin aikinsa. Aka kashe. Aka rufe murfin akwatin, aka ɗaure shi da jan kintinkiri mai fure a tsakiya. Ba kwaɗo, ba sarƙa. Ƙyalle kawai.

Sau biyar ana sa rana, sau biyar ana ɗagawa. Yau a ce ya yi tafiya, gobe a ce taro ya riƙe shi, akwai ma ranar da aka ce mai ɗaukar hotonsa ne ba shi da lafiya. Duk lokacin da aka sa sabuwar rana, sai a tarar kintinkirin ya yi baƙi ƙirin, sai a kira Iya. A duk faɗin asibitin ita kaɗai aka yarje wa ta kwance shi, don ita ce ta iya ɗaure furen yadda Sakatare yake so.

Abin da ke baƙanta shi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wutar gwamnati ta daina leƙo unguwar tun kafin jikar Iya ta fari ta yi haƙori, saboda haka wani tsohon janareta ne ke riƙe da asibitin. Wanda ya kafa shi, Allah ya yafe masa, bai ga wurin da ya dace ba sai bayan ɗakin maza masu ciwon ƙirji, dab da taga, kusa da igiyar shanyar Iya. Zanin gado ta wanke shi tas, ta sa bula, kafin ya bushe ya koma kalar toka, ga wani maiƙo-maiƙo mai manne wa yatsa. In ta fyace hanci da yamma, baƙi take gani a hankici. Takan ce a ranta, in zanin da ba ya numfashi ya zama haka, ina ga cikin ƙirjin mutanen da ke kwance bayan tagar nan. Yau kwana goma sha tara mijinta yana cikinsu.

Ta matse kintinkirin, ta goge shi da danshinsa har ya bushe a ƙarƙashin dutsen guga, ta rataya shi a hannu ta nufi ƙarshen baranda. Can ta tarar da Mai Inji zaune a kan kifaffen bokiti. Shi ne mai kula da janaretan, mutum ɗan shekara hamsin da 'yan kai. Ƙarar injin ta cinye masa kunne ɗaya, shi ya sa yake magana kamar mai kiran wani a hayin kogi.

"Iya, amaryar taki ta sha wanka?"

"Ta sha. Angon ne dai ba ya zuwa."

"Wa?"

"Na ce angon ba ya zuwa."

"A'a, yau tabbas ne. Ƙarfe goma. Ba ki ga har sabuwar riga aka ba ni ba?" Ya miƙe hannuwansa, hannun rigar ya tsaya can tsakiyar damtse. "Ina jin da ƙanen Sakatare aka gwada ta."

Iya ta zagaya kintinkirin a jikin murfin, ta fara ƙulla furen. A gefen sabon akwatin akwai tsohon akwatin wutar gwamnati, wanda gizo-gizo ya daɗe da mayar da shi gidansa. Jiya masu fenti suka shafe shi da fari, har da gizo-gizon da yanarsa, don kada ya ɓata hoto.

"Ƙanena, baturan nan ba su lalace ba kuwa? Wata bakwai fa."

"Lalacewa? Duk mako sai na hau rufin nan na wanke farantan, kashin tattabaru har gwiwar hannu. Baturan a cike suke maƙil. Wuta ce zaune a ɗaki, an hana ta fita."

Ƙamshin turare ne ya riga Sakatare isowa. Ya zo da waya biyu a hannu, ya duba furen ya gyaɗa kai. Bayansa Sista ce, shugabar nas-nas, doguwar mace siririya wadda ba ta cika magana sau biyu ba.

"Ƙarfe tara za ka kashe injin nan," Sakatare ya ce da Mai Inji, da ƙarfi, a saitin kunnen mai ji. "Ka kawo mini makullin. 'Yan talabijin za su zo. Ba za a ce muna ƙaddamar da wuta mai tsabta ga hayaƙi na tashi a bayan kan mai girma ba. Ke kuma Iya, zannuwa goma sha biyu nake so, waɗanda suka fi haske. Takwas a kan tebura, huɗu a rufe wannan ƙazamin injin."

Sista ta ce, "Mutum biyu ke kan na'urar iska. In wuta ta ɗauke, ita ma ta tsaya."

"Ai akwai tukunyar oksijin."

"Guda ɗaya ce. In an raba ta biyu, awa uku."

"Daga tara zuwa goma awa nawa ne, Sista?"

Sista ta dube shi daga hula har takalmi, ta juya ta tafi.

Ƙarfe tara daidai janaretan ya yi tari biyu ya mutu. Shirun da ya biyo baya sai da ya sa mutane suka waiwaya, kamar an kira sunansu. Iya ta gama shimfiɗa zannuwanta a kan tebura, aka jera robobin ruwa da furannin roba a kai. Ta lura lasifikar taron da batirinta ta zo. Wato an tuna da ita.

Ta shiga ɗakin masu ciwon ƙirji. Mijinta na gadon jikin taga, roba a hanci. Tsohon direban bas ne, shekara talatin a kan sitiyari, abokan aikinsa suna ce masa Sannu-Sannu don ko keke kan wuce shi a hanya. A gadon kusa da shi wani tsohon tela ne, su biyun suna jan iska daga tukunya ɗaya da Sista ta tsayar a tsakaninsu. A wuyan tukunyar akwai ɗan agogo mai allura, allurar tana can cikin kore.

"Tsohuwa," mijin ya ce, "mutuwa na yi ne? Na ji duniya shiru."

"Da ka mutu ai da ka ga wadda ta fi ni kyau."

"Shi ne na ce. Na buɗe ido na gan ki, na ce ashe da saura."

Tela ya fara dariya, dariyar ta juye tari, ya daɗe yana yi. Iya ta ɗauko gwangwanayen kakinsu daga ƙarƙashin gado don ta zubar. Ba ta son dubawa amma kullum sai ta duba. Kakin mai kauri ne, da zare-zaren baƙi a ciki, irin baƙin da ta baro a bahonta da safe. Ta fita ta wanke su, ta dawo.

"Zafin bana sai ka ce an sauko da rana kamu biyu," in ji Tela, yana fifita da gefen riga. "Muna yara ba haka take ba."

"Hayaƙi ne ya yi wa sama yawa, haka suka ce a rediyo," in ji Sannu-Sannu. "Ni ma na ba da gudummawata. Bas ɗina in na taka ta, na bayana ba ya ganin hanya. Ga shi an aiko mini da rabona har gado."

"Ka rage surutu, Malam," in ji Iya. "Iskar ba taka ba ce kai kaɗai."

Ƙarfe goma ta yi. Masu unguwa da ma'aikata suka cika kujerun da ke ƙarƙashin rumfa, wani yana ta busa lasifika yana gwada ta. Sha ɗaya ta yi, Sakatare ya sanar cewa tawaga ta taso. Sha ɗaya da rabi aka ce sun ɗan tsaya buɗe wata rijiya a hanya. Iya ta leƙa ɗakin, ta ga allurar ta bar kore. Sista ta riga ta rage ƙarfin iskar don ta daɗe, ta kuma aika motar asibiti ta karɓo wata tukunya daga babban asibitin gari. Ba a jima ba direban ya bugo waya. An rufe babbar hanya tun safe, saboda mai girma zai wuce.

Iya ta sami Sakatare a bayan rumfa, waya ɗaya a kunne ɗaya a hannu, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Ta russuna, abin da gwiwoyinta ba sa so.

"Ranka ya daɗe, allurar tukunyar nan ta kusa shiga ja. A taimaka a tayar da inji ko na rabin awa ne."

"Iya, minti goma. Suna kwanar nan."

"Tun sha ɗaya suke kwanar nan."

"In na tayar da shi yanzu, fentin jiya bai gama bushewa ba, ga zannuwanki a jikinsa. Komai ya koma baƙi a gaban kyamara. Ki ce in yi yaya?"

"To a kunna sabuwar."

Ya sauke wayar daga kunne, ya dube ta kamar ta zagi mahaifinsa. Sai kuma ya sassauta murya. "Ba ni na rubuta takardar nan ba, Iya. Ni ma akwai na sama da ni. Ki yi haƙuri, ki yi addu'a."

Ta miƙe a hankali. Idonta ya sauka a kan teburan. Wani babban mutum ya ɗora ƙafa a kan gefen zaninta yana karkaɗawa, wani ya zubar da lemo a kai yana gogewa da tafin hannu. Da waɗannan zannuwan aka lulluɓe mutane aka fitar da su daga ɗakin can. Ta san su ɗaya bayan ɗaya, ta san wanda ta yi wa faci da wanda tabonsa ya ƙi fita.

Da ta koma ɗakin, babu sauran barkwanci. Sannu-Sannu ya kafa gwiwar hannu a katifa, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, leɓensa ya yi toka-toka. Tela ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu, bakinsa a buɗe. Sista tana tsaye a tsakaninsu tana yi musu fifita da bangon fayil. Allurar ta kwanta cikin ja.

"Saura nawa, 'yata?"

"Ba zai kai minti ashirin ba, Iya. Na sake zuwa wajen Sakatare, makullin yana aljihunsa, ya shige ofis ya kulle."

Mijin ya ɗago ido ya dube ta. Ya so ya faɗi wani abu na ban dariya, ta ga alamarsa a gefen bakinsa, amma iskar faɗa ba ta ishe shi ba.

A nan ne ƙyamar da ta wuni tana yawo da ita ta juyo kanta. Sau shida tana tsayawa a gaban akwatin nan, murfinsa a sake, tsakanin hannunta da mariƙin kunna wutar bai kai taƙi ɗaya ba. Sau shida tana wanke ƙyallen, ta goge, ta ƙulla masa fure mai kunne huɗu, har ta ja baya ta duba ko ya yi kyau. Mutumin da ya riga mijinta kwanciya a gadon nan, wani mai sayar da gawayi, ita ta wanke zaninsa na ƙarshe, da yammar ranar kuma ta je ta gyara furen don ya ɗan karkace. Ta dubi hannuwanta, fatar ta yi fari-fari don sabulu, ta ji kamar ba su taɓa wankuwa ba.

Ta ɗaure zaninta tamau, ta fita.

Mai Inji yana nan a kan bokitinsa. Ta wuce shi ta kama bakin kintinkirin.

"Furen ya karkace," in ji ta. "Zan gyara."

Ya dubi furen, wanda yake tsaye cak. Ya dubi fuskarta. Sai ya juya mata baya, ya fuskanci bango, ya fara raɗa. Raɗar Mai Inji kuwa ana jin ta daga bakin titi, Allah dai ya sa mai lasifika yana ta busawa.

"Ni shekara biyu ta rage mini in yi ritaya, kuma ban ga komai ba. Bango nake kallo. Amma da wani zai tambaye ni, sai in ce ƙaramin nan na hagu ake fara ɗagawa. A ƙirga goma. Sannan babban, da hannu biyu, kada a tsaya a tsakiya."

Ta ja bakin ƙullin, furen ya warware. Ta buɗe murfin. Ta ɗaga ƙaramin, wata 'yar koriyar fitila ta kama. Ta ƙirga goma, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Babban mariƙin ya yi tauri, amma hannun da ya shekara ashirin da biyu yana matse bargo ba mariƙi ne zai gagare shi ba. Ya yi ƙas ya hau.

Da farko ba ta ji komai ba. Ta saba wuta da ruri take zuwa. Sai ta ga fankar baranda ta motsa, ta yi juyi ɗaya kamar mai miƙa, ta kama gudu. Daga cikin ɗakin ta ji na'urar iska ta yi 'yar ƙara, ɗaya, sannan ta biyun, suka kama huci a hankali. Ta jingina da bango, kintinkirin a hannunta.

Fankar ofishin Sakatare ce ta tona asiri, don ta watsa masa takardun jawabi a ƙasa. Ya fito da gudu-gudu, hularsa a karkace.

"Wa ya taɓa akwatin nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Kin san abin da takarda ta ce?"

"An karanta mini ita sau biyar."

Ya miƙa hannu zai kama mariƙin. Sista ta iso daga bayansa, fayil biyu a hannu da biro. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka sauke shi in kana so. Sai dai zan rubuta a fayil ɗin kowannensu ƙarfe nawa iska ta tsaya, da sunan wanda ya tsayar da ita. Ka san fayil ba ya ɓata a hannuna."

Hannun ya tsaya a iska. Mutumin da takarda ta riƙe wata bakwai, ga wata takardar ta tare shi ta gaba. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya zauna a kan bokitin Mai Inji da fararen kayansa.

"To me mai girma zai kunna?" Muryarsa kamar zai yi kuka. "In ya zo ya tarar da shi a sama, ja zai yi ƙasa, ya kashe wuta a gaban talabijin. Kun kashe ni."

Iya ta dubi ƙyallen da ke hannunta, ta dubi bango.

"Ranka ya daɗe, ya taɓa ganin akwatin?"

"A ina zai gan shi?"

"To ga wani nan a gefe. Shi ma fari ne."

Duka suka juya suka kalli tsohon akwatin wutar gwamnati, wanda rabonsa da wuta shekara tara.

"Mariƙinsa ma ya fi ƙara," in ji Mai Inji. "In an ɗaga shi har ni ina ji."

Sakatare bai ce to ba, bai ce a'a ba, ya dai share gumi. Aka ciro zani ɗaya daga jikin janareta aka rataya a kan sabon akwatin, aka turo tukunyar fure gabansa. Iya ta ɗaure kintinkirin a kan mataccen akwati, ta yi masa furen da ba ta taɓa yin mai kyansa ba. Aka kashe fankar baranda da ƙwayayen fitilu daga makunnin da ke bayan ƙofar ɗakin ajiya. Aka ce Iya ta tsaya a nan, tana leƙe ta tsagar ƙofa, da ta ji ƙas ta danna.

Sai bayan la'asar jiniya ta karaɗe unguwar. Motoci goma sha ɗaya suka shigo. Direbobin suka nemi inuwa, ba su same ta ba sai a bayan ɗakin masu ciwon ƙirji, suka jera a nan, suka bar injinan a kunne don kada sanyin ciki ya gudu kafin mai girma ya dawo. Iya tana bayan ƙofa ta ji warin ya iso mata, warin da ta sani kamar na ɗakinta. Ta ji Sista tana rufe tagogi ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfin da ya fi na rufe taga.

Babban Baƙo mutum ne mai kyan jiki, kayansa farare har suna ɗaukar ido. Iya ta dube su da idon mai sana'a, ta san ba a taɓa shanya su kusa da inji ba. Ya yi jawabi na minti bakwai. Ya ce duniya tana ɗumama, damina ta rikice, hayaƙi yana cin huhun talaka. Ya ce ba zai iya barci ba muddin akwai marar lafiya ɗaya da ke shaƙar hayaƙin janareta. Aka tafa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, wannan ne ma ya fi tayar wa Iya da zuciya.

Aka miƙa masa almakashi a kan faranti. Kintinkirin ya sha wanki shida, ya yi laushi, almakashin ya dinga taunarsa yana zamewa, sai da wani dogarinsa ya ja ƙyallen ya miƙe sannan ya yanku. Ya buɗe murfin, ɓawon fenti da busasshen gizo-gizo suka zubo masa a hannun riga, wani ya yi maza ya kaɗe. Ya juyo ya fuskanci kyamara, ya yi murmushi, ya ɗaga mariƙin. Ƙas.

Yatsan Iya yana kan makunni. Ba ta danna ba.

Ta tsagar ƙofa tana ganinsa, hannunsa a sama, murmushin yana bushewa a fuskarsa. Tana ganin Sakatare, idonsa ya yo waje yana kallon ƙofar ɗakin ajiya, leɓensa yana motsi. Rumfa ta yi tsit. Ba ta da wata bakwai da za ta ba shi, ba ta ma da awa uku. Ta ƙirga masa goma, a hankali, irin ƙirgar da Sannu-Sannu zai yi alfahari da ita. Sannan ta danna.

Ƙwayaye huɗu suka kama tun rana ba ta faɗi ba, fanka ta juya. Aka yi ta tafi, mai lasifika yana kirari, wani yana cewa ai dama irin wannan wutar sai ta ɗan yi tunani kafin ta zo. Babban Baƙo bai shiga ɗakin marasa lafiya ba, don ana jiransa a wani wuri. Kafin rabin awa motocin sun fice, suka bar tabon baƙin mai goma sha ɗaya a ƙarƙashin igiyar shanya.

Da Iya ta shiga ɗakin, Sista ta buɗe tagogi, leɓen mijinta ya dawo kalarsa. Ya ɗan ɗaga robar hancinsa.

"Tsohuwa, na ji ana tafi. Wa aka yi wa?"

"Wani ne ya kunna ƙwan fitila."

"Shi kaɗai?"

"An taimaka masa."

Ta ɗauki gwangwanayen ta fita, don akwai zannuwa goma sha biyu da ke jiranta, uku da tabon lemo.

Tela bai tashi ba, ya rasu bayan kwana tara. Sista ta ce ciwon ya riga ya yi nisa, amma awannin nan ba su taimaka ba, kuma ta rubuta haka a fayil. An sallami Sannu-Sannu bayan mako biyu. Yana nan a ƙofar gida a kan tabarma, tafiyarsa ba ta wuce bakin layi, bakinsa dai bai mutu ba. Sakatare ya sami takardar yabo saboda tsarin taro, aka ɗaga shi zuwa babban asibiti. Mai Inji yana hawa rufi duk mako yana faɗa da tattabaru, kunnensa bai dawo ba. Janaretan yana nan a rufe, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. An kafa allon ƙarfe mai sunan Babban Baƙo a saman mataccen akwatin, duk sabon ma'aikaci kuma ana gargaɗinsa kada ya taɓa shi. Ba a kori Iya ba, don babu wanda ya yarda a rubuce cewa wani abu ya faru. Zannuwanta suna bushewa farare yanzu. Kintinkirin kuwa ta tsince shi gida biyu a ƙasa bayan taro, ta ƙulla su wuri ɗaya, da shi take rataye burushin wanke bayan gida.